Ƙusa ko Sukuru? Maganar kantar shago da tarkacen ƙarfen da muke bari a Kwari

 Waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ba siyasa za mu yi ba. Na san wani zai ce, kai kuma, duk abin da ke damun matasa, ga rashin aiki, ga tsadar rayuwa, ka rasa abin magana sai ƙusa? Ku ɗan yi min haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe. Maganar nan ta shafi jarin ɗan kasuwa, ta kuma shafi tafin ƙafar ɗan dako. Kuma da Kantin Kwari zan kafa misali, saboda yawancinmu ko dai muna da ɗan'uwa a can, ko muna sarin kaya a can, ko mu ne ma yaran shagon.

Duk wanda ya taɓa ratsa Kwari, ko ta Unity Road ya shiga, ko ta IBB Way, ko ta ɓangaren Ibrahim Taiwo Road, ya san idonsa a kan kaya yake: shadda, atamfa, leshi, yadi, an jera tun daga ƙasa har sili. Abin da ba ma kallo shi ne abin da ke riƙe da kayan. Katako ne, kanta ce, tebur ne, rumfa ce. Su kuma waɗannan, wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba yake riƙe da su. Kayan miliyoyi suna zaune a kan ƙarfen da aka saya da canji. To ashe ya kamata mu san wane ƙarfe ne, kuma me ya sa aka zaɓe shi.

Bari mu fara da yadda kowanne yake riƙe katako.

Ƙusa jikinta sumul yake. In aka buga ta, tana ture zaren katakon gefe da gefe, shi kuma katakon ya matse ta. Wannan matsewar ce kaɗai riƙonta. Shi ya sa in ka sa bayan hama ka ja ta ta hanyar da ta shiga, sai ta fito. Amma in nauyi ya zo mata ta gefe, wato katako biyu suna son su zame wa juna, a nan take nuna jarumta. Ƙarfenta mai ɗan taushi ne, tana lanƙwashewa kafin ta karye. Lanƙwashewar nan gargaɗi ce: za ka ga abu ya karkace, ka ji ƙara, ka samu lokacin gyara.

Sukuru kuma, wanda wasunmu ke haɗa shi da noti su kira su duka noti, yana da zare da ya nannaɗe jikinsa, wanda makanikai ke ce wa tiredi. Zaren nan yana cizon katakon ne, yana jawo katako biyu su manne. Ka ja shi kai tsaye, ba zai fito ba sai dai katakon ya yage. Amma yawancin sukurun da ke kasuwa an ƙona ƙarfensu ya yi tauri, musamman baƙin nan siriri da aka yi domin allon sili. Abu mai tauri sosai ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi, kuma ba ya sallama kafin ya ɓalle.

Kun ga ke nan ba wanda ya fi wani. Kowa da gonarsa.

Rufi, alal misali. Katakon da ake jerawa a ɗora kwano yana motsi kullum. Da hunturu katako yana bushewa ya tsuke, da damina ya sha laima ya kumbura. Ga iska tana jijjiga shi. Irin wannan wuri ƙusa mai inci uku ko huɗu ce ta dace da haɗa katakon, domin tana bin motsin ba tare da ta karye ba. Amma ku lura, iskar farkon damina, wadda ke kwashe rufin mutane wajen watan Mayu da Yuni, sama take ɗaga rufi. Wato ta hanyar da ƙusa ba ta da ƙarfi take jan ta. Shi ya sa magina na gari suke ɗaure katakon rufi da jikin gini da ƙarfe ko langa-langa, ba sa dogara da ƙusa kaɗai. Shi kuma kwanon, a kan tudunsa ake buga ƙusa mai hula, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Mai shagon atamfa da aka buga wa ƙusa a kwarin kwano, ranar ruwan farko zai gane bambancin, a kan kayansa.

Yanzu mu sauko cikin shago. Kanta, ƙyauren kabad, marataya, allon da ake manna wa bango, duk waɗannan nauyi yana ƙoƙarin fizgo su ne daga inda aka kafa su. Ɗauki turmin atamfa goma a hannu ka ji nauyinsu, sannan ka ƙirga nawa ne a kan kanta ɗaya. Nan gonar sukuru ce. In bangon bulo ne, a huda shi a cusa robar nan da masu aiki ke kira fisha, sannan a ɗaura sukuru a ciki. Ƙusar kankare da ake bugawa da ƙarfin tsiya tana farfasa bulo, ta riƙe yau, bayan wata shida ka ga tana rawa a raminta.

Amma babban dalilin da ya sa nake cewa Kwari ta fi buƙatar sukuru a cikin shago ba nauyi ba ne kaɗai. Tambaya ɗaya ce nake so kowa ya riƙa yi kafin a buga komai: wannan abin, wata rana za a kwance shi?

A Kwari amsar kusan kullum ita ce e. Yawancin masu shaguna haya suke yi a cikin gidajen kasuwar. Mai gida zai ƙara kuɗi, ka tashi. Za ka samu wuri mafi kyau, ka tashi. Yaron shago zai samu sallama daga ubangidansa ya fara da tebur, bayan shekara biyu ya kama rabin shago. 'Yan tebura kuwa, yau a ce su matsa, gobe a ce hukuma za ta buɗe hanya. Kasuwar da kowa ke motsi, amma muna haɗa kantocinmu kamar za mu gaji wurin. Kantar da aka haɗa da ƙusa, ranar tashi sai an sa hama da ƙarfe an ɓamɓare ta. Katakon ya tsage, bakinsa ya ragargaje, rabi ya zama itacen mai shayi. Wadda aka haɗa da sukuru kuwa, mutum biyu da sukundireba za su kwance ta a yini ɗaya, a ɗora a kura, a sake haɗa ta a sabon wuri. Je ka 'Yan Katako a Na'ibawa ka tambayi kuɗin falanki ɗaya yau, sai ka faɗa min ko katako abin zubarwa ne.

Kuma ba tashin haya kaɗai ba. Mun ga ambaliyar da ta shiga Kwari a watan Agusta na 2022, ruwa ya kwanta a layuka ya shiga shaguna, 'yan kasuwa suka yi ta kokawa da gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa da magudanan da suka toshe. Bayan irin wannan, matakin ƙasa na kanta ne ke shan ruwa. In kantar ta sukuru ce, sai ka kwance matakin da ya lalace ka canza shi kaɗai, ka ma ɗaga shi sama. In ta ƙusa ce, ka taɓa ɗaya ka jijjiga duka. Balle in katakon na garin katako ne da aka matse da gam, irin su MDF, wanda ruwa ke kumbura shi kamar burodi, kuma tun asali ƙusa ba ta kama shi da kyau.

To me ya sa kafintocinmu suka fi son ƙusa? Kada mu zalunce su. Ƙusa ta fi araha, ta fi sauri, ba ta buƙatar wutar lantarki. Mu kuma masu ba da aikin muna so a gama yau, a kuɗin da muka taya. Ka murƙushe kafinta a farashi sannan ka ce ya tsaya yana huda rami ɗaya bayan ɗaya? Ai ba zai yi ba. A nan ne ake samun abin da ya fi komai ɓata min rai: a ɗauki sukuru a buga shi da hama kamar ƙusa, sai a ƙarshe a murɗa shi sau ɗaya don ido. Zaren da ya kamata ya ciji katakon ya riga ya yage shi a hanyar shiga. Ka biya kuɗin sukuru, ka samu riƙon da bai kai na ƙusa ba. Araha ba ta ado, jama'a.

Saboda haka in za ka ba da aikin kanta, zauna da kafintan ku yi magana ta mutunci. Ka ce masa, "Malam, aikin nan ina so ya zama na kwancewa ne. Ƙarin nawa ne in za a yi da sukuru?" Ka biya ƙarin. Yanzu injin huda mai batir ya yawaita, kafintoci da dama suna da shi. In katakon mai tauri ne kamar maɗaci, a fara huda ɗan rami kafin a ɗaura, don kada ya tsage ko kan sukurun ya ɓalle. A goga wa zaren ɗan kyandir, zai shiga salin-alin. A yi amfani da iri ɗaya a duk aikin, mai kan sita in sita ne, don ranar kwancewa sukundireba ɗaya ta wadatar. Shi mai kan sitan ma, a Amurka aka fara yaɗa shi a shekarun 1930, wani Henry Phillips ne ya tallata shi ga kamfanonin mota domin injin ɗauri ya riƙa kama shi da sauri. Kuma don Allah, kafin a buga komai a bango ko a sili, a tambayi inda wayar wuta ta bi. Ƙusar da ta gogi rigar waya ba lallai ta nuna yau ba. Mu da muka ga yadda gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, bai kamata mu riƙa wasa da duk abin da ya shafi waya a cikin kasuwa ba.

'Yan'uwa mata masu sayar da atamfa ta WhatsApp, ku ma da ku nake. Kantar da za a yi miki a ɗaki, a gidan haya, ki ce a yi ta kwancewa. Ranar tashi za ki gode wa kanki.

Yanzu kashi na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauko maganar. An gama aiki, an kwance tsohuwar rumfa, an kafa sabuwa. Ina ragowar ƙarfen yake zuwa?

Amsar kowa ya san ta. Wani yana ƙasa a bakin layi. Wani yana jikin guntun katako, tsininsa a sama. Wani an share shi da tsintsiya an tura kwata. Wani kuma yana cikin gwangwanin madara a bayan kanta, ƙusa da sukuru da noti da tsohon kwado duk a cakuɗe, shekara biyar ba wanda ya buɗe, kuma ranar da ake neman sukuru ɗaya sai an aiki yaro ya sayo sabo.

Mutanen da ba haka suka ɗauki ƙarfe ba. A can arewacin Birtaniya, a yankin Scotland, akwai wani sansanin sojojin Rumawa da ake kira Inchtuthil. Da za su bar wurin wajen shekara ta 87 miladiyya, sai suka haƙa rami mai zurfi suka binne ƙusoshi sama da 800,000, masana suna ganin don kada ƙarfen ya faɗa hannun abokan gabarsu su ƙera makamai. Sai wajen 1960 masu tonon tarihi suka gano su. Kowace ɗaya daga cikinsu maƙeri ne ya buga ta da hannu. Mu ma nan, tarihin Kano da ƙarfe ya fara. A gindin Dala aka riƙa haƙar tama ana narkewa tun ƙarnoni da dama da suka wuce, kuma labarin baka yana cewa sunan garin ma daga wani maƙeri ya samo asali. Kakanninmu sun yi soraye da tubali da azara ba tare da dogaro da ƙusa ba, domin ƙarfe abu ne mai daraja, na fartanya da takobi da ƙyauren ƙofar gari. Sai da injin yanka waya ya zo a ƙarni na 19 ƙusa ta zama abin awo da sikeli.

Wai yanzu ƙarfe ya yi mana yawa ne da muke zubarwa? Ina fa. Ƙusa daga wayar ƙarfe ake yanka ta. An fara aikin Ajaokuta tun 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, har yau bai zama abin da aka yi shi dominsa ba. An gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo a farkon shekarun 1980 domin su riƙa fitar da rodi da waya, labarinsu kowa ya sani. Yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan yau daga tsohon ƙarfe ake narko shi, wanda 'yan gwangwan ke tarawa kilo-kilo. Wanda ya ga yadda matasa suka yi dafifi a kan ɓaraguzan gine-ginen da aka rushe a Kano a watan Yuni na 2023 suna zaro rodi, ya san tsohon ƙarfe kuɗi ne. To ga shi muna share shi muna turawa kwata, ya haɗu da leda da ƙyalle ya tare shara, damina ta zo mu ce ruwa ya ci mu.

Amma asarar kuɗi ita ce ƙarama. Ku dubi ƙafafun da ke yawo a Kwari. Ɗan dako da dila a ka, ba ya ganin ƙasa, silifas ɗin roba ne a ƙafarsa. Almajiri, wani ko takalmin babu. Yarinya mai talla. Mai tura kura. Su ne ke taka abin da muka bari.

Nan sai mu gyara wata fahimta. Ana cewa tsatsa ce ke kawo cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta kulle muƙamuƙi. Tsatsa ba ita ce cutar ba. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi. Ƙusa, sabuwa ce ko tsohuwa, ita ce ke tura ta can cikin nama, inda iska ba ta kaiwa, kuma irin wurin take so. Ramin ƙusa ƙarami ne, ba ya zubar da jini sosai, shi ya sa ake raina shi. Alamomin suna iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21 kafin su bayyana, lokacin mutum ya ma manta ya taka wani abu. In ta kama mutum, jinyarta mai wahala ce, mai tsada, kuma tana kisa. Ɗan dakon da ke ci daga abin da ya samu a yini, ina zai samu kuɗin kwanciya asibiti na makonni?

Saboda haka in ƙusa ta soke ka ko yaronka, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a tafi asibiti ko shan-magani a ranar. Ba a zuba baƙin mai, ba a ɗiga ruwan batir, ba a dukan wurin da takalmi wai don mugun jini ya fita. Ma'aikatan lafiya za su duba ko kana buƙatar allura. Rigakafin da aka yi mana muna jarirai ba ya riƙe mutum har tsufa, ana so a riƙa sabunta shi duk bayan shekara 10. Ubangida, in yaron shagonka ko ɗan dakon da ke maka aiki ya taka ƙusa a bakin shagonka, kai ne za ka ce masa, "Tashi mu je a duba ka." Kada ka ce sannu kawai ka ci gaba da ciniki.

To yaya za a yi da tarkacen? Abu ne mai sauƙi, rabin sa'a ya isa. A shimfiɗa buhu a juye gwangwanin. Sukurun da kansa bai cinye ba, zarensa lafiya, a ware shi gwargwadon tsawo a zuba a robar ruwa da aka yanke, a ɗiga masa ɗan mai don kada ya yi tsatsa. Ƙusar da take miƙe, ita ma gefe guda. Pata da sakata da makamantansu da ke aiki, gefe guda. Abin da ka san shekara biyu ba ka taɓa ba, ba kuma za ka taɓa ba, kada ka mayar da shi bayan kanta. Akwai yaron da ke koyon kafinta a unguwarku wanda sukuru ashirin za su yi masa rana, ba shi. Wanda ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci, a tara a gwangwani mai murfi, in ya taru a sayar wa mai gwangwan, ko a bar wa mai sharar layin ya sayar ya sha ruwa. Guntun katako mai ƙusa, ko a zare ta ko a kwantar da tsininta da hama kafin a ajiye. Kuma kada a zuba ƙusa a leda a jefa bola, domin da hannu masu tsintar bola suke tonawa.

Na ƙasa kuma fa, waɗanda suka ɓuya a cikin ƙura? Nemi maganaɗisun tsohuwar sifika wajen masu gyaran rediyo, ka ɗaura masa igiya, ka ja shi a ƙasa bayan an gama aiki. Za ka sha mamakin abin da zai kwaso a wurin da ka rantse an share.

Abin da nake roƙo a wannan makon guda biyu ne, kuma ba sai an jira gwamnati ko shugabannin kasuwa ba. Na farko, duk wanda zai ba da aikin katako, ya sa kwashe ƙarfe a cikin cinikin tun farko: ba a cika kuɗin aiki sai an tsince ƙasa. Kafintoci, ku ma ku mayar da shi al'ada, zai ƙara muku daraja a idon masu ba ku aiki. Na biyu, matasan kowane gida a Kwari, da na layukan Sabon Gari, da masu shaguna a Fagge, ku ajiye gwangwani ɗaya a bakin gida domin ƙarfe kaɗai. Wanda ya tsinci ƙusa ya jefa ciki. In ya cika a sayar, a ƙara a kuɗin yashe kwata kafin damina.

Kafintoci da magina da ke bibiyar shirin nan, na san kun fi ni sanin aikin nan nesa ba kusa ba. Ku faɗa mana irin sukurun da kuka ga ya fi riƙe kanta mai nauyi, da irin katakon da ya fi jure kwancewa da sake haɗawa, domin masu shirin buɗe shago su amfana. Wanda kuma ya gwada maganaɗisun nan a bakin shagonsa, ya turo mana hoton abin da ya kwaso.

Ku tura wa ɗan'uwanku da ke kasuwa.